Nonon uwargida da hodar ƙarin ƙarfi: nazarin lamarin wata jaririya bakwaini a Yamai

An haifi yarinyar da wannan nazari ya shafa a wani asibiti na birnin Yamai cikin watan Afrilu, lokacin da zafin rana yakan wuce digiri 40, kuma ta hanyar tiyata aka ciro ta tana da mako 30 a ciki, saboda jijjiga da ta kama mahaifiyarta. Nauyinta a ranar haihuwa giram 1,250 ne. Mahaifiyar, wadda wannan ce haihuwarta ta fari, ta kwashe kwana tara a ɗakin masu tsananin ciwo, jininta yana hawa yana sauka, daga baya kuma zazzaɓi ya biyo ta wurin ɗinkin, don haka ruwan nono bai zo mata ba sai ɗigon dakashi da muka riƙa tara wa a ƙaramin sirinji muna shafa wa jaririyar a cikin kunci. Ina cikin ma'aikatan sashen jarirai da suka yi jinyarta tun daga daren farko har ranar sallama, kuma abin da zan bayyana a nan ya haɗa da kurakuran da hannuna yake ciki.

A rana ta biyu tambayar ta taso game da abin da za a zuba a cikin yarinyar. Madarar gwangwani ce mafi sauƙin samu, amma hanjin jaririn da bai kai mako 32 ba bai ƙosa ba, kuma bincike da aka tattara daga asibitoci da dama ya nuna cewa jarirai bakwaini da ake ba madara sukan fi saurin ƙara nauyi, sai dai haɗarin ciwon ruɓewar hanji a wurinsu ya kusan ninka na waɗanda ake ba nonon wata mace. Wanda ya taɓa ganin wannan ciwo, yadda ciki yake kumbura ya yi sheƙi, kashi ya fito da jini, jariri ya tafi cikin kwana ɗaya ko biyu, ba ya ɗaukar wannan bambanci da wasa. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarin da ta fitar cikin Nuwamban 2022 kan kula da jarirai bakwaini, ta sa nonon mahaifiya a gaba, ta ce idan bai samu ba ana iya amfani da nonon gudummawa, musamman ga waɗanda ba su kai mako 32 ba ko nauyinsu bai kai kilo ɗaya da rabi ba, kuma ga irin waɗannan jarirai ne ta ce ana iya ƙara wa nonon sinadaran gina jiki. Yarinyarmu ta faɗa cikin wannan rukuni ta fuska biyu.

Asibitinmu ba shi da ma'ajiyar nono irin wadda aka fara buɗewa a Biyana, babban birnin Ostiriya, a 1909, ko irin waɗanda ƙasar Burazil take da su fiye da 200, ko wadda Kenya ta buɗe a asibitin haihuwa na Pumwani da ke Nairobi a 2019. A irin waɗannan wurare ana karɓar nono daga mata da yawa, a gauraya, a dafa shi a na'ura a zafin digiri 62.5 na tsawon minti 30, a gwada shi a ɗakin bincike, sannan a daskarar. A wurinmu ko da na'urar tana nan akwai maganar shayarwa, domin Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta yanke a zamanta na Jidda a 1985 cewa kada a kafa irin waɗannan ma'ajiyoyi a ƙasashen Musulmi, saboda gudun cakuɗewar dangantakar nono, ko da yake wasu malamai sun sassauta daga baya. A mazhabar Malikiyya da mutanenmu suke bi, Risalar Ibn Abi Zaid ta bayyana cewa duk nonon da ya isa cikin jariri a cikin shekaru biyu na farko yana haramta aure, ko da tsotso ɗaya ne. Hanyar da ta rage mana ita ce mace guda sananniya, wadda dangi suka yarda da ita, aka kuma rubuta sunanta.

Mata biyu ne suke shayarwa a dangin a lokacin. Ɗaya ƙanwar mahaifin yarinyar ce, wadda ta haihu mako uku kafin nan, ɗayar kuma uwargidansa, wadda take goyon ɗa namiji mai wata goma. Da a ce ingancin nono kaɗai ake dubawa da gwaggon muka zaɓa, saboda nonon makonnin farko ya fi na daga baya yawan furotin. Kakar yarinyar ta wajen uba ce ta hana, kuma hujjarta ba ta wasa ba ce: gwaggon tana da ƴaƴa maza uku, gidan kuma gida ne da auren zumunci ya daɗe a cikinsa, ba ta son a toshe ƙofar da ba a san abin da gobe za ta kawo ta cikinta ba. Ƴaƴan uwargida kuwa ƴan'uwan yarinyar ne na uba ɗaya, don haka shayarwar ba za ta haramta abin da bai riga ya haramta ba a tsakaninsu. Mahaifin ya tambayi malamin unguwarsu, ya dawo da amincewa. Uwargidan ba ta ja magana ba, ta ce, "Ƴar ƙanwata ai ƴata ce, Likita, ku faɗa mini abin da zan yi." Aka gwada jininta don ƙanjamau da ciwon hanta iri biyu da tunjere, duka suka fito lafiya.

Tsarin da muka kafa shi ne ta riƙa tatsa a gida, a unguwar Bukoki, cikin kwalaben gilashi da muka dafa muka ba ta, maigidan ya kawo su a babur sau biyu a rana cikin kula da ƙanƙara. Idan sun iso sai mu sa kwalbar cikin tukunyar ruwa, mu ɗora a wuta har ruwan ya tafasa sosai, mu cire mu sanyaya nan take. Wannan dabara an tsara ta ne tun asali don uwaye masu ɗauke da cutar ƙanjamau, an kuma gwada ta a Afirka ta Kudu. Mun fara da ɗan kaɗan ta robar hanci, tare da ruwan suga ta jijiya. A kwana na biyar nauyinta ya sauka zuwa giram 1,130, wanda ba abin tsoro ba ne. A kwana na 11 ta kai mililita 100 ga kowane kilo na nauyinta a rana, sai muka fara zuba hodar ƙarin ƙarfi, rabin awo da farko, cikakke bayan kwana biyu. A kwana na 14 tana shan mililita 160 ga kowane kilo, an raba sau 12.

Dalilin hodar shi ne cewa Allah ya tsara nonon mace don jaririn da ya cika wata tara, wanda ya riga ya kwashi rabonsa daga mahaifa. Kusan kashi 80 cikin ɗari na kalsiyam da fosfaras da ƙashin jariri yake tarawa a ciki, a watanni uku na ƙarshe yake tara su, kuma mafi yawan waɗannan watanni ne yarinyar ta rasa. Ƙungiyar likitocin hanji da abincin yara ta Turai, a ma'aunin da ta sabunta a 2022, ta sa buƙatar irin wannan jariri a giram 3.5 zuwa 4 na furotin da kalori 115 zuwa 140 ga kowane kilo a rana, abin da nono zalla ba ya kaiwa sai an dura wa jariri fiye da abin da cikinsa zai ɗauka. Hodar tana ƙunshe da furotin da aka samo daga madarar shanu, da sitaci mai saurin narkewa, da gishirin ma'adinai da bitamin. Irin wadda muke da ita, ƙunshi ɗaya na mililita 50 ne, kuma tana ƙara kimanin giram 1.1 na furotin da kalori 15 a kowane mililita 100.

A kwana na 16 ta koma nauyin haihuwarta, ɗan jinkiri amma ba mai tayar da hankali ba. Daga nan ne sikeli ya fara ba mu labarin da ba mu so. Cikin kwana goma da suka biyo ta ƙara giram 110 kacal, wato giram 8 zuwa 9 ga kowane kilo a rana, alhali ana neman 15 zuwa 20. Kewayen kanta, wanda ya kamata ya riƙa ƙaruwa da kusan santimita ɗaya a mako, rabin haka yake yi, kuma wannan ya fi nauyin damuna, domin girman kai a wannan lokaci girman ƙwaƙwalwa ne. Ba ta amai, ba ta gudawa, tana motsi, fatarta dai tana nan a tattare kamar rigar da ta fi ƙarfin mai ita.

Mun fara da abubuwan da aka saba zargi. Babu alamar ƙwayar cuta a jini, zafin jikinta a cikin kwalbar ɗumama jarirai daidai yake, jininta ya ɗan ragu amma bai kai na ƙari ba, numfashinta ba ya cin ƙarfinta. Gishirin sodiyam a jininta ya sauka zuwa 131, wanda ba baƙon abu ba ne ga bakwainin da ke shan nonon gudummawa, kuma ƙarancinsa yana rage girma, sai muka fara ƙara mata. Shi kaɗai bai isa ya bayyana gibin ba.

A takardar jinya komai ya cika. Lissafin da muka yi amfani da shi ya ɗauka cewa kowane mililita 100 na nono yana da giram 1.5 na furotin da kalori 67, idan aka haɗa da hoda aka ninka da abin da take sha, sai ya ba da giram 4.2 da kalori 131 ga kowane kilo a rana. Wanda ya duba wannan takarda zai ce yarinyar tana samun duk abin da ake nema har da ƙari. Matsalar ita ce waɗannan alƙaluma na nonon uwar bakwaini ne a makonnin farko, mu kuwa nonon mai goyon wata goma muke ba ta, kuma babu wanda ya taɓa auna abin da ke cikin kwalaben da maigidan yake kawowa. Kalmar "an ƙara ƙarfi" da muke rubutawa kullum ta sa mun daina tambayar ƙarfin abin da aka ƙara wa. A kwana na 26 muka yanke shawarar bin nonon da ido, tun daga hannun mai tatsa har bakin robar da ke shiga cikin yarinyar.

Ba mu da na'urar da ke auna sinadaran nono da haske, irin wadda manyan ma'ajiyoyi suke amfani da ita, amma akwai tsohuwar dabara da likitan yara ɗan Ingila Alan Lucas da abokan aikinsa suka wallafa a 1978, wadda ba ta buƙatar komai sai abin da kowane ɗakin gwajin jini yake da shi. Ana cika siririn bututun gilashin da ake auna yawan jini da shi da nono, a toshe gindinsa, a juya shi a na'ura na minti 15, sai maiƙon ya taru a sama kamar yadda mai yake tasowa a ƙwaryar Fulani, a auna tsawonsa a kwatanta da tsawon nonon duka. Daga wannan kaso ake ƙiyasta kalori: a ninka shi da 66.8, a ƙara 290, a samu kalorin lita ɗaya. Ƙiyasi ne, amma ya isa ya raba kindirmo da tsala. Kwalabe huɗu muka gwada a rana biyu, kafin a dafa su, kuma dukansu sun tsaya a wajajen kashi 3 cikin ɗari, wato kalori 49 a mililita 100 maimakon 67 da muke rubutawa. Da hodar da komai, yarinyar ba ta wuce kalori 102 ga kowane kilo ba, wannan ma idan duk abin da ke cikin kwalba ya isa cikinta.

Muka roƙi uwargidan ta zo ta tatsa a gabanmu. Ta zo da hantsi, goye da yaronta, ta wanke hannu har gwiwa ba tare da an tuna mata ba, ta zauna a bayan labule da babbar ungozomarmu. Ta tatsa daga dama kamar minti uku, nonon yana fita da ƙarfi, fari mai ruwa-ruwa da ɗan shuɗi a gefen kwalbar, sai ta koma hagu ta yi haka, ta rufe kwalbar, ta sauko da yaron ta ba shi ya ƙarasa. Ungozomar ta tambaye ta, "Yaya, kullum haka kike yi?" Ta ce, "Kullum. Na fari nake ɗebar mata tun bakin wannan bai taɓa ba, shi da yake babba ya sha saura." Ta ƙara da cewa da asuba ta fi tatsa, lokacin da nono ya kwana ya cika, domin a lokacin kwalba take saurin cika. Duk abin da ta yi bisa kyautatawa ta yi shi, kuma kowane ɗaya daga ciki yana rage maiƙo, domin nonon da ya fara fita daga maman da ya cika shi ne mafi ƙarancin mai, yana kuma ƙara kauri yayin da maman yake sakewa, har na ƙarshe ya ninka na farko sau biyu ko fiye. Yaron mai wata goma, wanda yake shan kunu yana cin tuwo, shi yake kwashe rabon da bakwaini ta fi buƙata. Mun koya mata wankin hannu da dafa kwalba da sa ƙanƙara, amma babu wanda ya faɗa mata wannan, kuma laifin namu ne. Da ungozomar ta sa ta ci gaba da tatsa cikin kwalba ta biyu, aka jera su a kan tebur, ta dubi na biyun da ya yi kauri ya ɗauki launin man shanu, ta riƙe baki ta ce, "Ashe tsalar nake aiko mata."

Asarar ba ta tsaya a Bukoki ba. A sashenmu ana juye nonon daga kwalbar dafawa zuwa wata kwalbar ajiya, kuma kowace juyewa tana barin maiƙo a bangon gilashi. Idan ya kwana a firij sai man ya taso ya yi zobe a sama, kuma na ga da idona, na kuma tuna cewa ni ma na sha yin haka cikin gaggawar aikin dare, yadda ake zura sirinji a zuƙo daga ƙasa ba tare da an ɗumama an jujjuya kwalbar a hankali ba. Sannan a makon da ya gabaci wannan bincike an mayar da ciyar da yarinyar ta zama a hankali da injin tura sirinji, saboda ta ɗan riƙa tara saura a ciki, kuma sirinjin yana kwance ne a injin, da doguwar roba a gabansa. Maiƙo yana tasowa ya kwanta a saman sirinjin, wani ya manne a jikin robar, a ƙarshe a jefar da su tare. Da muka tari abin da yake fita a bakin robar muka juya shi, layin man ya sauko zuwa wajajen kashi 2.

Akwai kuma asarar da bututun gilashi ba ya nunawa. Ɗanyen nonon mace yana zuwa da wani sinadari nasa da yake taimakon hanji wajen narkar da mai, kuma bakwaini ya dogara da shi sosai saboda nasa kayan narkarwar ba su ƙosa ba. Zafi, na tukunya ne ko na na'ura, yana lalata wannan sinadari, kamar yadda yake kashe ƙwayoyin garkuwa masu rai, ya kuma rage wani sashe na sauran abubuwan kariya, ko da yake nau'in sukarin da yake ciyar da ƙwayoyin hanji masu amfani yana tsira. Ma'ana ko ɗan man da ya isa cikin yarinyar ba duka jikinta yake ɗauka ba. Wannan ba kuskure ba ne da za a gyara, farashin tsaro ne da dole a biya muddin nonon ba na mahaifiya ba ne.

Yadda muke haɗa hodar ma ya zo cikin bincike. Don sauƙin aiki ana haɗa na yini guda da safe, a sa a firij, a riƙa ɗiba har wayewar gari, wani lokaci ma ya wuce awa 24 idan kawowar safe ta yi jinkiri. Nonon da aka zuba wa hoda ba ya zama yadda yake, domin wani sinadarin cikinsa, wanda zafi ba ya kashe shi duka, yana ci gaba da farfasa sitacin hodar, sai nauyin narkakkun abubuwa a cikinsa ya ƙaru, kuma akwai iyakar da ake so kada a wuce don kada a takura wa hanji. Hodar kanta ba tsarkakakkiya ba ce daga ƙwayoyin cuta, ita ma ƙarin abinci ce gare su idan sanyi ya yanke. A daren kwana na 22 wuta ta ɗauke, janareto ya ɗauki kwalaben jarirai da na'urorin iska amma layin firij ɗinmu ba ya kansa, kuma da asuba ma'aunin da ke ciki yana nuna digiri 11 maimakon 4. An zubar da abin da ya rage, amma yarinyar ta riga ta sha sau biyu daga ciki. Da rana cikinta ya ɗan tashi, muka tsayar da abinci na awa 12, muka yi hoto, muka zuba ido. Bai zama komai ba, sai dai ta rasa rabin abincin yini a makon da ba ta da rarar da za ta rasa.

Furotin ba mu da hanyar auna shi a nono, sai muka auna sawunsa a jini. Sinadarin yuriya yana tashi idan jariri yana samun furotin isasshe, kuma ma'aunin Turai da na ambata ya ce idan ya gaza 3.5 ana iya ƙara furotin. Nata 1.8 ne. Wannan ya dace da abin da aka sani, cewa nonon gudummawa daga matan da suka daɗe da haihuwa yakan tsaya a wajajen giram 0.9 zuwa 1 a mililita 100, wanda idan aka haɗa da hoda zai ba ta giram 3.2 ga kowane kilo, ba 4.2 ba. Nonon ƙarshen tatsa ba zai gyara wannan ba, domin mai yake ƙarawa, furotin kusan ɗaya ne a farko da ƙarshe. Na sake tayar da maganar gwaggo a wurin mahaifin, ya saurara har na gama, ya ce, "Likita, Inna ta riga ta yi magana." Ban ƙara ba. A ganina bai kamata ma'aikacin lafiya ya tura iyali su karya abin da za su rayu da shi shekara hamsin ba, matuƙar akwai wata hanyar, kuma akwai.

Hanyar tana zaune a kan benci a ƙofar sashenmu tun kwana na goma. Mahaifiyar takan zo kullum, ta leƙa kwalbar da yarinyar take ciki, ta tatso mililita biyar ko shida idan an ce ta gwada, ta koma da fuskar wadda ta gaza. Saboda kwalaben uwargida suna zuwa a cike, mun bar ta da wannan ɗan ƙoƙari ba tare da tsari ba, kuma wannan shi ne kuskure mafi girma a duk jinyar, ya fi na sirinji da na firij. Daga kwana na 27 muka fara ɗora mata yarinyar a ƙirji, fata da fata, awoyi da yawa a rana, dabarar goyon kangaru da aka fara a Bogota ta ƙasar Kolambiya a 1978, muka kuma sa ta tatsa sau takwas a yini, har da tsakar dare, a gefen kwalbar da yarinyar take ciki. Nata ba a dafa shi, ana zuba masa hoda a ba yarinyar da ɗuminsa, kuma shi ake fara bayarwa kafin na uwargida. Uwargidan da kanta ta riƙa aiko mata da kunun kanwa da fura tare da kwalaben.

Sauran gyare-gyaren ƙanana ne. Uwargida ta koma tatsa kashi biyu, na farko a kofi don yaronta, na biyu a kwalbarmu, kuma gwaji ya nuna ya hau zuwa kashi 6, wato kalori 69. Muka daina juyewa daga kwalba zuwa kwalba, muka sa doka a ɗumama a jujjuya kafin a ɗiba, muka koma ba ta abinci lokaci-lokaci da gajeriyar roba, idan kuma dole a yi amfani da inji sai a karkata bakin sirinjin sama don man ya riga fita. Hodar muka koma haɗa ta ƙunshi ɗaya a mililita 50, sau huɗu ko biyar a yini, abin da ya ƙara wa ma'aikatan dare aiki kuma ba kowa ya yi murna da shi ba. Muka ɗaga yawan abin da take sha a hankali zuwa mililita 180 ga kowane kilo, wanda ya kai furotin zuwa giram 3.6 ko da nonon uwargida ne kaɗai da hodar. Aka mayar da firij kan layin janareto.

A makon farko bayan haka yarinyar ta riƙa ƙara giram 14 ga kowane kilo a rana, a na biyu da na uku ta kai 18 zuwa 19, kanta ya koma ƙaruwa da kusan santimita ɗaya a mako, yuriya ya hau zuwa 3.9. A kwana na 35 rabin abincinta na mahaifiyarta ne. Tun da an canza abubuwa da yawa a lokaci guda, ba za a iya ware wa kowanne rabonsa na nasarar ba, amma saurin da sikeli ya motsa a kwanaki biyar na farko, tun nonon mahaifiyar bai taka kara ya karya ba, ya sa na fi jingina farkon canjin ga man da muka daina zubarwa. Hodar da aka zuba a kwana na 20 ita ce aka zuba a kwana na 40, daga kwali guda, kuma ba ita ce ta canza ba.

An sallame ta a kwana na 48 tana da giram 1,930, tana kama mama tana kuma ƙarasawa da ƙaramin kofi, da ɗigon sinadarin ƙarfe da bitamin D da za a ci gaba da ba ta a gida. A lissafin ciki tana mako na 37 ke nan, kuma nauyinta yana ƙasa sosai da na jaririn da ya kai wannan lokaci a mahaifa, gibin kwanaki goman nan bai cike ba tukuna. Uwargida ta kawo kwalbarta ta ƙarshe a kwana na 43. Mun rubuta takarda mai ɗauke da sunan wadda ta shayar da sunan wadda aka shayar da kwanakin farawa da gamawa, mahaifin da babbar ungozoma suka sa hannu, aka ba shi ɗaya aka ajiye ɗaya a fayil. A awon da aka yi mata mako biyu bayan sallama ta kai giram 2,340, kewayen kanta yana bin layinsa amma bai haura zuwa na sama ba, kuma an ba mahaifiyar ranar dawowa bayan wasu mako biyun.